Ban Ruwan Kankana da Kabewa a Lambun Gida

'Ya'yana da jikokina, ina jin daɗin ganin yadda da yawanku, maza da mata, kuka koma keɓe ɗan fili a bayan ɗaki ko a gindin katanga kuna shuka kayan miya da na marmari. Cikin abin da kuka fi sha'awa akwai kankana da kabewa, wasunku har da shammam. A kansu nake so mu yi magana, kuma a kan abu guda: ruwa. Iri mai kyau ana saye a kasuwa, taki ana nema a turke, amma ban ruwa aikin hannunka ne na yau da gobe, kuma a nan yawancin lambunan gida ke lalacewa. Shukar da ƙishirwa zalla ke kashewa ba ta kai yawan wadda ban ruwan ganin dama ke kashewa ba: yau a tuttula, gobe a manta, jibi a yayyafa wa ganye a ce an ba da ruwa.

Ku fara sanin halin abin da kuka shuka. Kankana 'yar Afirka ce, 'yar ƙasar zafi da ƙarancin ruwa. Masu bincike sun gano cewa danginta mafi kusa wata guna ce mai farar tsoka da ake samu a Kordofan ta ƙasar Sudan, an kuma ga zanen kankana a kaburburan Masar da suka haura shekara 4,000. Wanda ya san Yobe da arewacin Borno ya san yadda ake shuka guna wajen ƙarshen damina, ta yi yaɗo, ta zuba 'ya'ya cikin rani ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Abin da ke riƙe da ita saiwa ce mai nitso, wadda ke bin danshin da ya ɓuya ƙarƙashin yashi. Kankanarku ta gaji wannan hali, in kun bar ta ta nuna shi. Ita kuwa kabewa baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga nahiyar Amurka ta fito, inda aka yi dubban shekaru ana nomanta kafin jiragen ruwan Turawa su bazu da irinta cikin duniya. Ganyenta faffaɗa ne, yana fitar da ruwa da yawa cikin iska, saboda haka ta fi kankana saurin nuna ƙishi. Dukansu biyu fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da kuke yankawa ruwa ne. Za su iya jure ƙishirwa su rayu, amma ba za su ba ku babban ɗa ba sai da ruwa isasshe. Kuma dukansu ba sa son ruwa ya kwanta musu a gindi.

Kafin ka sa iri a ƙasa, ɗana, zauna ka yi lissafi. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kankana na buƙatar ruwa milimita 400 zuwa 600 daga shuka zuwa girbi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Gindin kankana guda, in ka ba shi filin da ya kamata, zai ci kamar murabba'in mita biyu. Ashe gindi ɗaya na iya shanye lita 800 zuwa 1,200, wato jarka mai lita 25 guda 32 zuwa 48. In gindi goma ka shuka, sai ka ninka sau goma. Dabarun da zan faɗa muku suna rage wannan adadi sosai, amma ba sa shafe shi. Mai rijiya a gida ko famfon da ba ya yankewa, lissafinsa daban. Wanda kuwa daga hannun 'yan ga-ruwa yake sayen kowace jarka, gara ya shuka gindi uku ya ƙosar da su da ya shuka ashirin ya raba musu ƙishirwa. Kada kuma ruwan lambu ya taɓa ruwan sha da na girkin gida. Mahaifiyarka ba za ta ji daɗin kankanar da ta bar randa a bushe ba.

Rabin aikin ban ruwa tun wajen haƙa rami ake gama shi. A haƙa rami mai faɗin kamu ɗaya da zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, a mayar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a bar shi ya kwana biyu a juji tukuna. Amfanin ruɓaɓɓen taki ya wuce ciyar da shuka. A ƙasar jigawa, inda ruwa ke zurarewa nan da nan, shi ke riƙe danshi. A ƙasar laka, inda ruwa ke kwanciya, shi ke buɗe ta iska ta shiga. Manoman Illela da Badagishiri a jihar Tahoua sun farfaɗo da fako mai yawa tun ƙarshen shekarun 1980 da wannan dabara ta tassa, wato ƙananan ramuka da ɗan taki a ciki masu tare ruwa a inda shuka take. Abin da ya yi wa gero amfani a fako zai yi wa kankana a tsakar gida. A bar tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin gindin kankana da ɗan'uwansa, mita biyu tsakanin layi da layi. Kabewa ta fi son sarari, a ba ta mita biyu zuwa uku.

Kwana ɗaya kafin shuka a jiƙa ramin sosai har ruwa ya ratsa ƙasansa. Washegari a sa ƙwaya uku, zurfin gaɓar yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi. In ƙasa na da ɗumi, cikin mako guda ko kwana goma za su tsiro. Cikin tsananin hunturu sukan yi nawa, kuma a nan yara ke kuskure: su ga shiru, su yi ta ƙara ruwa, irin ya ruɓe a cikin sanyi. Ɗumi ya rasa, haƙuri yake so. A wannan mataki kaɗai ne ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai ke da amfani, don saiwar ba ta wuce tsawon yatsa ba. A zuba a hankali da garwa mai bakin rariya ko a tare ruwan da tafin hannu, kada ƙarfinsa ya tone iri. In ka ga ɗan tsiro ya sirance daidai inda ya haɗu da ƙasa ya faɗi, laima ce ta yi yawa har fumfuna ta kama shi. Da sun yi ganye uku ko huɗu, a cire raunanan a bar ɗaya ko biyu.

Daga nan sai a sauya hannu, kuma wannan sauyin shi ne zuciyar maganata. Da shuka ta kafu ta soma miƙa yaɗo, a daina yayyafin kullum. A riƙa ba ta ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, sannu a hankali har ya nitse, sannan a bar saman ƙasa ya sha iska kafin a sake. Saiwa inda danshi yake take bi. In kullum saman ƙasa kaɗai kake jiƙawa, a sama za ta tsaya, inda rana ke gasawa, kuma ranar da ka yi tafiya ko famfo ya ɗauke, shukar ba ta da wurin fakewa. In kuwa ruwan na nitsewa kamu guda ko fiye, saiwar za ta bi shi ƙasa, ta samu wurin da zafin bazara ba ya kaiwa.

Za ku tambaye ni kwana nawa-nawa. A jigawa cikin bazara, wataƙila duk bayan kwana biyu. A ƙasa mai laka ko lokacin sanyi, kwana huɗu ko biyar na iya wucewa. Amma kada ku riƙe wannan kamar karatu, domin ƙasar gidanku daban da ta maƙwabta. Ƙasar za ku tambaya. A tona da yatsa ko ɗan ƙarfe kamar zurfin tafin hannu, nesa kaɗan da gindi, a ɗebo a dunƙula. In ta haɗu ta zauna kamar dawon fura, da sauran danshi, a bari sai gobe. In ta wargaje ta zube ta tsakanin yatsu, lokaci ya yi. In ta manne wa hannu tana ƙyalli, an wuce gona da iri. Akwai kuma gwajin da nake so kowannenku ya yi ko sau ɗaya ne: washegarin ranar da ka ba da ruwa, ka haƙa ɗan rami a gefe ka ga iyakar inda ruwan jiya ya kai. Da yawa za su tarar bokitin da suka zuba da sauri bai wuce yatsa uku ba, sauran ya gangare gefe. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya sake zuba ruwa da gaggawa.

Wurin zubawa ma abin lura ne. A tara ƙasa kaɗan a jikin gindin ta yi tudu, sannan a kewaye shi da ɗan kwari kamar taƙi ɗaya daga karan, a yi masa gefe. Cikin wannan kwarin ake zuba ruwa, ya kewaye gindin ba tare da ya jiƙa wuyan shukar ba, don wuyan da ke kwana cikin laima ruɓewa yake yi. Masu fili kaɗan mai tsawo su yi kunya, su shuka a kafaɗarta, su saki ruwa a kwarin, su juya yaɗon zuwa busasshen gefe, kamar yadda masu noman rani ke yi a Kadawa da sauran fadamu. Ku kafa sanda a kowane gindi tun yanzu. Nan da wata guda ganye zai rufe ko'ina, ba za ku gane inda tushen yake ba sai da ita. Kabewa kuma tana da wata baiwa: gaɓoɓin yaɗonta na fitar da saiwa duk inda suka taɓa ƙasa mai danshi. In ka rufe gaɓa biyu ko uku da ƙasa ka riƙa ɗan jiƙa su, ka ƙara mata bakin sha, ko da wani abu ya sami uwar gindin ba za ta mutu gaba ɗaya ba.

Ganye kuwa a bar shi a bushe. Na san akwai daɗin kallo in an ɗora yatsa a bakin tiyo ana feshi, ganye na sheƙi, ƙura ta wanke. Sai dai cututtukan da suka fi addabar dangin kankana, masu sa ɗigo-ɗigon rawaya ko baƙi a ganye har ya ƙone, jiƙaƙƙen ganye suke so, kuma fantsamar ruwa daga ƙasa ce ke ɗaukar su daga wannan ganye zuwa wancan. Saboda wannan dalili kada a shiga cikin yaɗo ana taɓe-taɓe alhali raɓa ba ta bushe ba. Lokacin ban ruwa da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba zuwa hantsi: ƙasa na da sanyi, ruwa na samun damar nitsewa, shuka kuma ta shiga zafin rana da abin sha a gindinta. Wanda makaranta ko aiki ya hana shi safiya, ya yi bayan La'asar, amma a ƙasa kawai. Tiyon da ya yini a rana, a bar ruwan farko ya zube a wani wuri, domin zafinsa na iya dafa ƙananan saiwoyi.

Ga wani abu da ke ruɗa mai sabon lambu. Da azahar cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, za ka fito ka ga ganyen kabewa ya langaɓe duka. Tausayi zai kama ka, ka ruga da bokiti. Dakata tukuna. Faffaɗan ganye a irin wannan zafi yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya turo masa, ko da ƙasar jiƙe take. Ka dawo da almuru ko da sassafe. In ya miƙe, lafiyarsa ƙalau. In ya kwana a langaɓe, sai ka tona ƙasa. Busasshiya ce, ƙishirwa ce, ka ba shi. In kuwa ƙasar jiƙe take amma ganye bai tashi ba, ruwa ba ya tsami banza, matsalar tana ƙasa. Ko dai ruwan ya yi yawa ya toshe wa saiwa iska ta soma ruɓewa, ko wata cuta ta shiga jijiyoyin karan, ko kuma ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani sun sa saiwar ta yi ƙulle-ƙulle. A duk ukun nan ƙarin ruwa ƙarin ciwo ne. Gindin da cuta ta kama a tuge shi a fitar da shi daga lambun.

In fure ya soma, ku natsu. Waɗannan shuke-shuke furanni iri biyu suke yi a yaɗo ɗaya. Namiji shi ke fara fitowa, ya yini ɗaya ya faɗi, kuma haka aka halicce shi, ba alamar ƙishi ba ce. Tamacen za ka gane ta da ɗan kumburi a bayanta, siffar ɗan da za ta zama. Da safe take buɗewa, rana ɗaya tak, kuma sai ƙudan zuma ya kai mata garin namijin sannan ɗan zai zauna. Feshin ruwa a wannan sa'a yana korar zuma yana jiƙa garin, maganin ƙwari kuma kashe su yake yi. In unguwarku ba zuma, ka tsinki furen namiji da safe, ka cire masa fatun, ka goga a tsakiyar tamacen a hankali.

Daga fure zuwa lokacin da 'ya'ya ke kumbura, nan ne shuka ta fi bukatar ruwa, nan ne kuma ba ta yafe sakaci. Cikin bazara gindi ɗaya da ya rufe filinsa na iya shan bokiti mai lita 10 zuwa 15 a kowace rana. Ƙishi a wannan lokaci yana sa ƙananan 'ya'ya su yi rawaya su kakkaɓe. Akwai kuma baƙin tabon da ke fitowa a ƙarshen kankana, wajen da fure ya faɗi, ya lotsa ya ruɓe. Mutane kan ɗauka cuta ce su sayo magani. Alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, shi kuwa a cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa ɗa. In ruwa na zuwa yau ya yanke gobe, ƙarshen ɗan ne ke fara rasawa, ko da ƙasar cike take da sinadarin. Haka fashewa. A bar shuka ta sha ƙishi mako guda, ɓawo ya tsaya ya yi tauri, sannan a zo a cika ta da ruwa don a rama, tsokar ciki ta kumbura da sauri, ɓawon ya tsage. Ruwan da aka tsallake ba a rama shi a rana ɗaya. In ya faru an yi fashi, a dawo da shi da kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku. In kuma za ka yi tafiya a wannan lokaci, ka damƙa lambun a hannun ƙanenka ko ƙanwarka, ka nuna musu ma'auni da wurin zubawa, kada ka ce musu kawai su riƙa ba da ruwa.

Dabarar da na fi so wa mai ƙaramin lambu da ƙarancin ruwa ita ce ta binne tulu, kuma ina mamakin yadda ba ta yaɗu a wurinmu ba alhali maginan tukwane na nan a kasuwanninmu. Tsohuwar dabara ce, wani littafin noma na ƙasar Sin da aka rubuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce ya bayyana ta, kuma a kan noman irin waɗannan 'ya'yan yaɗo ya yi maganar. A samo tulun yumɓu wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, mai cin kamar lita 10. A cika shi a ajiye a inuwa. In bayansa ya yi naso, ya dace. A binne shi har wuya a tsakiyar ramin da aka gyara da taki, a shuka iri a kewayensa, yatsa huɗu daga jikinsa. A cika da ruwa, a rufe bakin da murfi ko tsingaro saboda sauro da ƙasa da ƙananan yara. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun. Kyawun abin shi ne ƙasar da kanta ke jan abin da take so: in ta bushe ta ja da yawa, in da danshi jan ya ragu. Saiwoyi za su zo su lulluɓe tulun. Saman ƙasa ya zauna a bushe, ciyawa ta ragu, rana ba ta samun abin sha, ganye bai jiƙe ba, ruwa kuma bai yanke ba. Aikinka ka ɗaga murfi duk bayan kwana biyu ko uku ka cika, kada ka bari ya ƙafe ƙaf. A makonnin farko a haɗa da ɗan ruwa daga sama har saiwa ta kai ga tulun. Ruwa mai tsabta za a zuba masa, don mai laka ko sabulu toshe shi yake yi. Ga babbar kabewa a tsakiyar bazara tulu ɗaya na iya gazawa, sai a ƙara mata a kwari.

Wanda bai samu tulu ba, robar ruwa babba da aka huda ƙasanta da allura aka binne kusa da gindi tana yin wani abu makamancin haka, ko da yake ita ba ta san ƙasa ta ƙoshi ba. Akwai kuma siririn tiyo mai ɗigo da ake haɗawa da bokiti ko duro a ɗora a kan abin da ya kai mita ɗaya tsawo. Yana da kyau matuƙa in an tace ruwan da ƙyalle, don ƙofofinsa ba sa jure datti.

Kowace hanya kuka bi, ku rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa wadda ba ta da 'ya'ya, karmami, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, duk suna yi. Kaurin yatsa uku ko huɗu ya isa, a bar ɗan fili a wuyan shukar. Ƙasar da aka rufe tana daɗewa da danshi, ba ta yin ɓawon da ke hana ruwa shiga, saiwa kuma na samun sanyi. A riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara da kunama.

'Yan matan gida sukan tambaya ko ruwan da aka yi amfani da shi zai yi. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da hatsi, na ɗaurayar kayan miya, duk alheri ne, kuma malamanmu sun daɗe suna hana mu almubazzaranci da ruwa. A ajiye bokiti a wurin alwala, za ku ga abin da ke taruwa a yini. Ruwan wanka mai ɗan sabulu kabewa na iya ɗauka in ana surka shi da mai kyau, shi ya sa take yin kyau a bakin wuriya. Amma ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, da duk wanda ya taɓa najasa, a nisanta su da abin da za a ci. Rijiyar da ruwanta ke da zartsi ma a yi hattara da ita. In ka ga farin gishiri na fitowa a gefen kwari, bakin ganye na ƙonewa, to yayyafi kaɗan-kaɗan tara gishirin yake yi a wurin saiwa. Lokaci-lokaci a ba da ruwa mai yawa ya tura shi ƙasa. Ruwan sama ya fi kowanne: rufin kwano mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da kusan lita 1,000 ta indararo. Duro biyu ko uku a ƙarƙashinsa za su cike muku giɓin kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a farkon damina.

Damina kuwa tana juya maganar. Aikin ya koma na fitar da ruwa. A shuka a kan tudu ko doguwar kunya, a buɗe hanyar da ruwa zai fice, a rushe gefen kwarin da aka yi da rani. Cikin marka ta watan Agusta, kwana biyu ko uku na kwantaccen ruwa sun isa su kashe gindin kankana. Kabewa ta fi jure damina, musamman in ta hau danga ko rufin rumfa inda iska ke kaɗa ta. Kankana da shammam sun fi son busasshiyar iska da rana, shi ya sa ta rani ta fi zaƙi. Kowane ɗa da ke kwance a ƙasa a sa masa busasshiyar ciyawa ko tsingaro a ƙarƙashi kada cikinsa ya ruɓe.

Sai maganar zaƙi, wadda ita ce kowa ke jira. Irin da aka fi samu a kasuwanninmu, kamar Sugar Baby da Kaolack, sukan nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku. In ɗa ya gama girma, kamar kwana goma kafin tsinka, a soma janye ruwa. Janyewa na ce, a hankali, ba yankewa ba, domin ganye ne ke haɗa sukarin da ke shiga cikin ɗan, in ya bushe zaƙin ya tsaya. A ba shi abin da zai hana shi kwana a langaɓe kawai. Ruwa mai yawa a wannan lokaci yana sa kankana ta yi lami, yana kuma fasa ta. Shammam ya fi ta saurin nuna wannan. Ku sani kuma kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an tsinke ta, saboda haka kada ɗoki ya sa ku yi gaggawa. Ku duba siririn zaren nan mai murɗewa da ke gaɓar da ɗan ya fito: in ya bushe, alama ce. Ku juya ta a hankali, in wurin da ta kwanta a kai ya tashi daga fari ya koma rawaya-rawaya, alama ce ta biyu. Sheƙin ɓawo ya dushe, in an ƙwanƙwasa ta amsa da murya mai zurfi.

Kabewa ta fi daɗewa, takan kai wata uku zuwa huɗu ko fiye. In ɓawonta ya yi taurin da farce ba ya shiga, mariƙinta ya bushe ya zama kamar itace, a daina ba ta ruwa gaba ɗaya. Wadda aka yi ta shayarwa har ranar yanka ba ta ajiyuwa. A yanke ta da mariƙinta tsawon yatsa, kada a ɗauke ta da shi, a shanya ta kamar kwana goma a wuri mai iska, sannan a ajiye a inuwa a kan katako ko yashi. Wadda aka yi wa haka takan yi watanni tana jiran ranar miyar taushe.

Bayan girbi a tuge yaɗon, a duba saiwar. Za ta nuna muku yadda ban ruwanku ya kasance: ko ta nitsa, ko ta tsaya a sama, ko tana da ƙulle-ƙulle. A tono tulun, a goge shi ciki da waje, a shanya shi a rana kafin a sake binnewa. Kuma kada a maimaita kankana, kabewa, shammam ko kokwamba a rami ɗaya a jere, don cututtukansu ɗaya ne kuma suna daɗewa a ƙasa. A sa masara ko albasa a wurin, a kai kankanar wani gefen, sai bayan shekara uku a dawo da ita.